Talata ta Biyu a Watan Maris

Mil shida gabas, mil shida arewa.
Wani mai awo da ya mutu kafin a haifi kakata
ya ja layi a taswira, ya ce ga gundumarku.
Elvedal, can ƙuryar Minnesota.
Ba kasuwa, ba ɗan sanda ko ɗaya.
Arzikinmu hanyar tsakuwa mil arba'in da ɗaya,
gada biyu, maƙabarta guda,
da gireda wadda sai an lallashe ta take tashi.

Ni ce magatakarda, Ardis Kvamme.
Shekara talatin da huɗu littafin yana kwana
a saman firijina, kusa da kwalbar magani.

Yau taron shekara.
Tsohuwar makaranta, murhu na tari kamar mai mura,
takalma na zubar da ƙanƙara a dandamali.
Na ƙirga kawuna: goma sha uku.
Shekarar da na karɓi alƙalami
sai da aka aro kujeru daga coci.

Orville Hruska ya miƙe, hula a hannu,
kwalbatinsa ya sake toshewa.
Bana shekara tara ke nan yana toshewa,
kuma bana ma Lowell Tangen ya ce
ai ruwan gonar Orville ne, ba na gunduma ba.
Sun yi ajin nan tare.
Matansu suna zuba wa juna gahawa a baya,
ko kallo ba su ishe su ba.

Kuɗin tsakuwa: an amince.
Ladan yaron da ke yanke ciyawar kaburbura: an ƙara dala biyu.
Sannan shugaba ya zaro wasiƙa daga aljihu,
ya gyara tabarau har sau uku.
Manyan birni sun ce idan mun gaji
mu miƙa musu hanyoyin, mu rufe littafi,
su da motocinsu sababbi fil.

Shiru. Har murhu ya daina tari.

Gaskiya ce mun gaji.
'Ya'yanmu sun bi kwalta, ba su waiwayo ba.
Amma wa zai gaya wa mutumin birni
cewa ranar Alhamis ake kai Verna wankin ƙoda,
don haka hanyarta ake fara sharewa,
tun kafin asuba, ko da gida ɗaya ne a kanta?
Wannan ba ya cikin taswira.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na ce, to, ku ji nawa.
Hannuna ya soma rawa,
bakwai ɗina ta koma kamar ɗaya.
In babu mai karɓar alƙalami
gara a amsa wasiƙar yau.

Kowa ya sami abin kallo a takalminsa.

Can bakin ƙofa wata ta ɗaga hannu.
Yesenia Barragan, mai tatsar shanu a gonar Tangen,
warin madara bai bar rigarta ba.
Shekararta shida a nan, ba wanda ya taɓa jin muryarta a taro.
Ta ce motar makaranta ta hanyar Orville take ɗauko 'yarta,
kuma ruwan kwalbatin nan
bai taɓa tambayar ta gonar wa ya fito ba.
Ta iya lissafi. Tana da Talata.

Sha ɗaya suka ɗaga hannu.
Lowell ya tsaya yana sosa ƙeya,
sannan ya ɗaga nasa rabi,
na rubuta shi cikakke.

Wasiƙa ta koma aljihu.
Kwalbati kuwa, an ɗage zuwa baɗi.

A waje iska na yanka kunne.
Na miƙa mata littafin, ta soke shi cikin riga
kamar ɗan maraƙin da aka haifa a daren sanyi.
Na ce kada ta ajiye shi kusa da tukunya,
shafi na casa'in ya riga ya sha miya.

Na iso gida, na kai hannu saman firiji
don in ajiye abin da ba ya hannuna.